Tsakanin ish'ari da mudun dawa: ina binciken kuɗin waya ya dosa?

A wani kanti da ke gefen kasuwar hatsi a Gadarif ta Sudan, inda nakan zauna bayan la'asar, akwai wata dattijuwa 'yar unguwarmu da ke zuwa a farkon kowane wata. Ba ta zama. Takan tsaya daga bakin ƙofa ta gaisa da mai kantin, sannan ta ce, “Ɗana, duba mini ko saƙon yaron nan ya iso.” Shi kuma ya ɗauki wayarsa, ya buɗe manhajar banki ta Bankak, ya gwada ish'arin da aka turo masa ta WhatsApp, wato hoton shaidar tura kuɗi, da abin da ya shigo asusunsa, ya ce, “Ya iso, Inna. Kaya za ki ɗauka, ko a hannu kike so?” Tambayar tana da nauyi, domin idan sukari da mai da dawa za ta ɗauka, kuɗinta cif suke, amma idan tsaba take so, a lokutan da takardar kuɗi ta yi wuya sai an rage wani abu. Daga nan sai ya jawo wani littafi mai baƙin bango, wanda gefunansa suka yi laushi saboda yawan buɗewa, ya rubuta sunanta da abin da ta karɓa da abin da ya yi saura.

Ɗan nata a Jidda yake aiki. Riyal ɗinsa yake kai wa wani ɗan hawala a can, ɗan hawalar ya sanar da abokin hulɗarsa a Sudan, shi kuma ya tura fam, kuɗin Sudan, ta manhaja zuwa asusun mai kantinmu. Kuɗin sun bi ta hannu huɗu kafin su zama tuwo, kuma a wuri ɗaya kaɗai suka bar sawu a na'ura. Idan mai ƙididdiga ya zo, dattijuwar nan za ta shiga sahun waɗanda ba su da asusu, mai kantin zai fito a matsayin mutum ɗaya mai yawan shige da ficen kuɗi, guzurin da ya taso daga Saudiyya kuwa ba zai bayyana a lissafin kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ba. A ganina, makomar binciken hada-hadar kuɗi ta waya tana cikin wannan tazara, tsakanin abin da na'ura ta rubuta da abin da mai kanti ya rubuta.

Binciken nan bai tsufa ba. Ana iya cewa ya kankama ne bayan 2007, shekarar da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a Kenya. Tambayar farko mai sauƙi ce: mutum nawa suka samu shiga, kuma shigar ta amfane su? Daga 2011 Bankin Duniya ya fara ƙidayar da ake kira Global Findex, wadda ta nuna cewa kashi 51 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ne ke da asusu a wannan shekarar, adadin da ya kai kashi 76 a 2021. Masana biyu, William Jack da Tavneet Suri, sun bi wasu gidaje a Kenya shekara da shekaru, suka gano cewa idan masifa ta faɗa wa gida, kamar ciwo ko asarar amfanin gona, abin da marasa M-Pesa ke iya kashewa yakan ragu da kimanin kashi 7, masu ita kuwa ba ya raguwa, saboda taimako yana zuwa musu da sauri daga dangi na nesa. A 2016 suka ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci. Wannan adadi ya zagaya duniya, kuma daga baya wasu masana, ciki har da Milford Bateman, sun ƙalubalance shi, suna cewa an ƙirga ƙananan sana'o'in da aka buɗe ba a ƙirga waɗanda suka mutu ba.

Aikin da ya fi kusa da mu a wannan zangon shi ne wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka yi a jihar Tawa ta Nijar, bayan farin da ya jawo ƙarancin abinci a 2010. A ƙauyuka 96, an raba tallafi iri ɗaya, wasu a hannu, wasu ta tsarin waya mai suna Zap. Gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu ma sun fi samun ci. Dalilan da aka kawo duk matar Bahaushe za ta gane su: ba a ɓata yini a layi, sannan kuɗin suna shigowa ba tare da duk gari ya gani ba, abin da ke bai wa mace damar a yi shawara da ita kafin a kashe.

Daga nan hankalin manazarta ya koma kan amfani, domin an lura cewa buɗe asusu daban, taɓa shi daban. Sai kuma aka shiga maganar bashi ta waya, tun bayan fitowar M-Shwari a 2012, da tarkon da ke cikinsa ga mai ƙaramin ƙarfi, har Kenya ta sanya masu ba da irin wannan bashi ƙarƙashin kulawar babban bankinta. Aka shiga maganar haraji, kamar wanda Ghana ta ɗora wa tura kuɗi ta waya a 2022 ta kuma soke shi a 2025. Aka shiga maganar gadar da ke haɗa bankuna wuri guda, irin UPI ta Indiya daga 2016, da Pix ta Brazil daga 2020, da sarie ta Saudiyya daga 2021. Duk waɗannan ayyuka ne masu amfani, sai dai kusan dukkansu sun ginu a kan wasu abubuwa da ba a faɗi saboda an ɗauka tabbatattu ne: akwai wuta, akwai sabis, babban banki yana nan a mazauninsa, kuma fam ɗin da ke cikin waya daidai yake da fam ɗin da ke aljihu.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke, waɗannan abubuwa suka fara rushewa ɗaya bayan ɗaya a Sudan. Kafin yaƙi ƙasar ba ta cikin waɗanda ake misali da su. Ƙidayar Findex ta 2014 ta sami kashi 15 ne kacal na manya da asusu, kuma takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, ya raba bankunanmu da na duniya, musamman bayan tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci bankin BNP Paribas na Faransa a 2014, wadda ta sa bankunan waje suka riƙa gudun duk wata hulɗa da ke da sunan Sudan. Abin da talaka ya sani shi ne tura katin waya, a sayar wa dillali ya cire la'adarsa ya ba da saura. Da yaƙi ya ɓarke, aka wawashe rassan bankuna a Khartum, cibiyar EBS da ke haɗa bankunan ƙasar ta tsaya, sai manhajojin da suka iya ci gaba da aiki, Bankak ta Bankin Khartum a kan gaba, da irin su Fawry da O-Cash, suka ɗauki nauyin da ba a gina su dominsa ba. Mutanen da suka gudo mana nan daga Khartum, da Wad Madani bayan faɗuwarta a Disambar 2023, da 'yan'uwanmu na yankin Sinnar da Mai Wurno a tsakiyar 2024, da yawansu ba su iso da komai ba sai waya da lambar sirri a ka.

A nan akwai tambayar da ta cancanci a zauna mata. Wani bincike da Joshua Blumenstock da Michael Callen da abokansu suka yi a Afganistan ya nuna cewa mutumin da tashin hankali ya kusanto shi yakan rage ajiya a waya ya riƙe tsaba, domin tsaba ce ake gudu da ita. Abin da muka gani a nan ya sha bamban, saboda a kan hanyar gudun hijira tsabar ce ake fara ƙwacewa a shingaye. Amma wayar ma ba ta zama mafaka cikakkiya ba, tunda rahotanni sun yi ta zuwa na mutanen da aka tilasta wa buɗe manhaja da bakin bindiga, da iyalan da aka karɓi kuɗin fansa daga hannunsu ta wannan hanya. Wane irin rikici ne ke kai mutum ga tsaba, wane iri ne ke kai shi ga waya? Amsar za ta shafi yadda ƙungiyoyin agaji ke raba tallafi, da yadda ake ƙera manhajar kanta, misali a ba mutum damar ɓoye wani ɓangare na ajiyarsa, ko a sanya jinkiri kafin babban kuɗi ya fita.

Sai kuma watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a duk ƙasar, ɓangarorin yaƙi suna ɗora wa juna laifi. A wasu wurare makonni aka yi, a wasu watanni. Wanda bai ga wannan lokaci ba zai yi wuya ya gane abin da ake nufi da mutum yana da kuɗi amma ba shi da abin sayen burodi. Takaya, wato tukwanen abincin unguwa da matasan ɗakunan agajin gaggawa ke dafawa da gudummawar da ake turo musu ta manhaja, da yawa sun sauke tukunya. A yankunan da sabis bai dawo ba, farantin Starlink ya zama kasuwa, ana biyan kuɗi a kan awa don a samu a karɓi saƙo ɗaya. A kantin da nake zama, littafin nan mai baƙin bango shi ya riƙe unguwa: mai kantin ya ci gaba da ba da kaya ga gidajen da ya san ana yi musu aike, yana rubutawa, har sabis ya dawo. Masu nazarin kuɗin intanet na babban banki sun daɗe suna magana a kan biyan kuɗi ba tare da sabis ba, amma galibi abin da ke ransu shi ne katsewar awa biyu ko uku. Tsarin da zai jure wata guda, a hannun mutanen da ke cajin waya da hasken rana, shi ne aikin da ke gaba, kuma ban ga wani abu a wannan fage da ya fi shi gaggawa ba.

Na tsaya a kan tambayar mai kanti, “kaya ko a hannu”, saboda a cikinta akwai abin da littattafan tattalin arziki ba su saba gani ba: kuɗin ƙasa ɗaya mai farashi biyu. A wurare da dama a lokacin yaƙin, wanda ke son mayar da kuɗin manhaja tsaba yakan yi asarar kashi 10, wani wurin kashi 20, gwargwadon nisan garin da banki mai aiki da haɗarin hanya. Wannan ragi ma'auni ne da ke motsi kullum, yana gaya wa mai lura yadda tsaba ta yi ƙaranci da yadda mutane suka amince da banki, kuma wanda ya tattara shi gari-gari, mako-mako, zai samu taswirar da babu wata ƙidaya da za ta ba shi. Ga kuma ɓangaren shari'a. Bankunan Sudan duka a kan tsarin Musulunci suke, kuma ƙa'idar canjin kuɗi jinsi ɗaya sananniya ce: daidai da daidai, hannu da hannu. To ragin nan riba ce da aka haramta, ko ladan wahalar wanda ya yi kasadar ɗauko tsaba daga nesa? An yi ta tambayar malamai wannan a masallatai, mai saye da mai sayarwa duk hankalinsu bai kwanta ba. Masu binciken fasahar kuɗi ta Musulunci sun fi karkata ga sukuk, wato takardun jari na Musulunci, da manyan jari, alhali ga mas'ala tana jiransu a bakin kanti.

Canjin takardun kuɗi na Disambar 2024 ya ƙara fito da wata matsalar. An fitar da sababbin takardun fam 500 da 1,000, aka ce tsofaffin a zuba su a asusun banki, don haka dubban mutanen da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu cikin 'yan makonni. Yankunan da ba sa hannun gwamnati ba su shiga canjin ba, ƙasa ta zama mai takardun kuɗi iri biyu. Wanda ya tuna wahalar da 'yan Najeriya suka sha a farkon 2023 lokacin sauya fasalin naira zai ga kamanni, kuma gwada waɗannan al'amura biyu aiki ne da ya dace da manazarci Bahaushe, tunda yana da dangi a kowane ɓangare. Abin da za a bincika shi ne ko asusun da aka buɗe bisa tilas yana rayuwa bayan tilas ɗin ya wuce.

Buɗe asusu kuwa yana buƙatar rakam waɗani, lambar ɗan ƙasa, kuma a nan maganar ta taɓa mu kai tsaye. Kakanninmu sun zauna a gaɓar Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu ma sun riga haka a kan hanyar hajji, amma har yau akwai gidajen Hausawa da samun takardar ɗan ƙasa ke yi musu wuya, ana neman su kawo shaidar da ba a neman wasu. A Saudiyya lamarin ya ɗauki wata siffa. Ƙasar ta sanya wa kanta burin kashi 70 na cinikin yau da kullum ya koma na na'ura kafin 2025, ta cimma shi tun 2023, a 2024 kuma adadin ya kai kashi 79, kamar yadda babban bankinta ya sanar. Nasara ce ta gaske, kuma mai igama, wato takardar izinin zama, yana cin moriyarta, daga katin banki na mada zuwa aika kuɗi gida yana zaune a ɗakinsa. Amma a Makka da Jidda akwai Hausawan da aka haifa a can ba su da cikakkun takardu, kuma duk ƙofar da aka mayar ta na'ura, ta rufe ke nan ga wanda ba shi da lambar da zai shigar. A da rashin takarda yana hana mutum tafiya da aikin gwamnati, yanzu yana neman hana shi saye da sayarwa. Ƙidayar da ke cewa kashi kaza sun shiga ba ta gaya mana ko rayuwar waɗanda suka rage a waje ta ƙara tsanani saboda shigar sauran, kuma wannan ita ce tambayar da nake so in ga an auna.

Abin da ake yayi yanzu shi ne amfani da ƙirƙirarriyar basira a karanta sawun da mutum ke bari a waya. Tun 2015 Blumenstock ya nuna a Ruwanda cewa ana iya hasashen wadatar mutum daga yadda yake kira da sayen kati, kuma a lokacin korona gwamnatin Togo ta yi amfani da irin wannan dabara wajen zaɓen waɗanda za su samu tallafin Novissi. Masu ba da bashi ma sun rungume ta, suna auna amanar mutum da tarihin wayarsa. Ina ganin alherin da ke ciki, musamman ga manomin riɗi da dawa na Gadarif wanda har yanzu yake faɗawa shel, bashin damina da ake biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗi ya yanka, irin wanda a ƙasar Hausa ake kira falle. Da za a haɗa cinikin salam, wato a biya kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, wanda bankunan Sudan suka daɗe suna yi da manoma, da sahihan bayanai kan gona da ruwan sama, da an sauke wa mutane nauyi. Sai dai dabarar tana ɗauka cewa waya ɗaya mutum ɗaya ce. A unguwarmu asusu ɗaya yana ɗauke da gidaje masu yawa. Na'ura za ta ga mai kanti attajiri ne ta hana shi tallafi ko ta ba shi bashin da ya fi ƙarfinsa, dattijuwar da ba ta taɓa saɓa alkawari a adashe ba kuwa ba za ta gan ta ba sam. Kafin a ƙara wa na'ura wayo, sai an fara sanin mutum nawa ke bayan kowace lamba.

Kuɗin intanet na babban banki da kuɗin kirifto su suka fi cika takardun taro, amma ba zan daɗe a kansu ba. Najeriya ta fito da eNaira a Oktoban 2021, kuma nazarin Asusun Lamuni na Duniya ya gano cewa mafi yawan asusunta ba a taɓa su. Saudiyya ta gwada shirin Aber da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta kuma shiga mBridge a 2024, dukkansu tsakanin bankuna ne. Ranar da irin waɗannan shirye-shirye suka sa ladan da ake cira a aiken ɗan ci-rani daga Jidda zuwa Gadarif ya sauko zuwa kashi 3 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya a matsayin buri kafin 2030, kuma a farashin canjin da zai yarda da shi, ranar ce ɗan hawala zai samu abokin gasa. Mutane suna bin hawala ne saboda farashinta ya fi na banki kuma tana kaiwa har ƙofar gida, sannan hawalar kanta ta riga ta shiga waya, tunda zangonta na ƙarshe ta manhaja yake bi.

Akwai kuma harshe da zamba, waɗanda a wurina abu ɗaya ne. Manhajojin da Larabci da Turanci suke magana. Dattijuwar da na ambata tana karanta Alƙur'ani, tana aika saƙon murya da Hausa, amma ba za ta bambance ish'ari na gaske da na jabu ba, kuma ish'arin jabu ya riga ya zama sananniyar cuta a kasuwanninmu, shi ya sa mai kantin ba ya yarda da hoto sai ya ga kuɗi a asusu. Manhajar da za ta faɗa wa mutum da murya, a harshensa, nawa ya shigo kuma daga wa, za ta rage dogaro da ɗan tsakiya fiye da kowace lacca ta wayar da kai.

Abin da ya rage shi ne wa zai yi aikin, kuma da waɗanne bayanai. Bayanan manhaja suna hannun bankuna da kamfanonin waya, kuma a ƙasar da ake yaƙi, jerin sunayen wanda ya tura wa wa kuɗi abu ne da zai iya jawo wa mutum ɗauri ko mutuwa, don haka duk mai neman su dole ya fara da tunanin yadda zai kare masu su. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 jami'o'in Khartum sun watse, malamansu da yawa suka koma Alƙahira da Riyad da Fatsudan, amma Jami'ar Gadarif da ta Kassala suna kusa da kasuwannin da abin ke faruwa, kuma a cikin ɗalibansu akwai 'ya'yanmu masu jin Hausa da Larabci, waɗanda za a buɗe wa littafin kanti ba tare da fargaba ba. Na taɓa tambayar mai kantinmu littafi nawa ya cika tun farkon yaƙi. Ya ce, “Malam, wannan ne na huɗu,” ya nuna mini sauran ukun a ɗaure da igiya a ƙarƙashin teburi. A kowane shafi akwai ranar da aike ya shigo, da garin da ya fito, da abin da aka rage idan tsaba aka karɓa, da kwanakin da gida ya yi yana cin bashi kafin saƙo na gaba ya iso.